Waken da na manta a jarka

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Bahuli, yau bakina ya ƙi rufuwa don murna!

Bara da muka casa wake, buhuna suka ƙare. Ragowar na zuba a tsohuwar jarkar mangyaɗa, na ɗaure murfin tam. Maigidana har da faɗa: "Hajara, wake a jarka? Ruɓewa zai yi!"

Da damina ta zo, ƙwari sun mayar da na buhu gari, muka rasa iri. Ina shara na ci karo da jarkar. Na buɗe, wallahi ko ƙwaya ɗaya ba ta huje ba! Shi muka shuka.

Masana, rashin iska ne ya kashe ƙwarin?

Ina gaida matan Muchalla. Ku ɓoye jarkokinku, maigidana na nan tafe yana roƙo!