Har Yau Yana Kwance Bakin Hanya

A tashar Dungas, wata mata ta miƙa wa wani ɗan kabu-kabu wayarta.

"Ɗana, taimake ni. Yaya ake hana wannan bidiyo yawo?"

"Na hatsarin hanyar Dogo-Dogo? Inna, nan za ki danna, ki kai ƙararsa."

"Na danna har yatsana ya gaji. In na goge da safe, kafin azahar wani ya sake turo mini."

"Haka mutane suke. Ni ma na tura gurup ɗinmu, amma don a yi wa mamacin addu'a."

"An yi?"

"An dai rubuta amin da yawa."

"Wada sunansa. Ƙanena ne. A waya uwarmu ta fara ganinsa, tun mai sanarwa bai iso ƙofar gida ba."

Ɗan kabu-kabun ya ciro tasa wayar daga aljihu.

"Goge naka, ko ɗaya ya ragu," ta ce. "Mu mun yi masa wanka, mun sa masa likkafani, mun rufe shi. A hannunku ne har yau yake kwance bakin hanya, ko zane ba a lulluɓa masa ba."