Fara Mai Kofato

A ofishin malaman gona, ranar rabon dashen itatuwa, wata dattijuwa ta kama layi da takalminta, ta koma benci. Wani mai fara'a ya zauna gefenta.

"Inna, dashe kika zo karɓa?"

"Ƙari nake roƙo, ɗana. Duk wanda na dasa sai an cinye. Malamin gona ya ce in aka cinye wannan, zai cire ni daga shirin. Ga zaizaya tana cin gonata."

"Fara ce. Ki nemi feshi."

"Fara mai kofato?"

Ya yi dariya har da dukan cinya. "To awaki ne! Mutane ba sa tsoron Allah. Ni nawa bayan gada nake kora su, inda babu gonar kowa. Su dawo ciki fal!"

"Bayan gada? Akwai wata baƙa mai yankakken kunne?"

"Ita ce uwarsu! A ina kika san..."

Inna ta yi murmushi. "Gyara zama, ɗana. Yanzu malamin zai fito, ka ba shi labarin farar."

Ya miƙe a hankali, ya danna hularsa, ya bi ta ƙofar baya.