Kan da Ke Lamba Bakwai

Wani mai sanƙo ya shigo shagon aski gyaran gemu, sai ya ƙura wa hotunan salon aski da ke bango ido.

"Malam, wannan na lamba bakwai, ina ka samo shi?"

"A intanet mana," in ji mai aski. "Ai kyauta ne."

"Kyauta? Kaina ne fa!"

Mai aski ya dubi sumar da ke hoton, ya dubi sanƙon da ke ƙyalli a gabansa.

"Yallaɓai, ka ji tsoron Allah."

"Dubi tabon kunnen nan! Ƙanwata ce ta ɗauka ta sa a shafinta. Ka nemi izininta? Ganin hoto a intanet ba ya mayar da shi naka. Kotu ce za ta raba mu!"

Mai aski ya kai hannu bango. "Yi haƙuri, yanzu zan cire."

"Kai! Wa ya ce ka cire?"

"To me kake so?"

Mai sanƙo ya sassauta murya.

"Ni zan karɓo maka izinin. Amma ka ƙara masa girma, ka manna shi kusa da madubi. Surukina a nan yake aski, kuma har yau bai yarda na taɓa yin gashi ba."