Ranar da na hana uwar mijina hawa kurkura

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana matan zumunta. Ni ce Ladi, daga wani ƙauye gefen Minjibir. Sai da na fara furfura na koyi rubutu, don haka yadda abin ya faru zan faɗa, ba ado.

Da maigidana ya rasu, kurkurarsa ce ta rage mana, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Aka ce in sayar, wai mace ba ta tuƙi. Na ce wanda ya faɗa ya zo ya ciyar da 'ya'yana. Na koya, na shiga kwaso wa mutane amfanin gona.

Shekarar da mai ya yi tsada, kowa labta kaya yake don kada ya yi sawu biyu. Ni ma haka. A wajenmu kuma, in an ɗaure dammai, tsofaffi kan hau can sama a kai su gida. Hana tsoho hawa abin kunya ne, balle uwar miji.

Ran nan muna kwashe geronmu. Na jera dammai har sun wuce kaina, na ɗaure. Sai ga Inna, uwar maigidana, da sandarta.

"Ladi, kama ni in hau. Gwiwar nan ta ƙi."

Na dubi tsawon kayan, na tuna burtalin da za mu bi, inda ruwan damina ya zaizaye gefe guda. Ga maƙwabta a tsaye suna kallo. Na sunkuya kamar ina duba taya, na ce, "Yesu, ga tsohuwar nan, ga bakin mutane. Wanne zan ji tsoronsa?" Sai zuciyata ta kwanta, tsoron bakin mutane ya fita.

"Inna, ba za ki hau ba. In na sauke, na dawo na ɗauke ki."

Malam Isa maƙwabcinmu ya ce, "Haba Ladi, tsohuwar nan nawa nauyinta yake?"

"Malam, ba nauyinta ba ne, tsawon kayan ne."

Inna ta ce, "Da ɗana na da rai, da ban ga wannan rana ba." Ta juya ta kama hanya da ƙafa. Maganar ta soke ni, amma na ta da kurkura.

A giya ta ɗaya nake tafiya. Ina isa wurin zaizayar, ƙasa ta zame ƙarƙashin tayar baya. Kurkura ta karkata a hankali, na dira, ta kwanta. Igiya ta tsinke, dammai na sama suka faɗa can cikin kwari, kan duwatsu. Da Inna ta hau, a kan dammai na saman nan za ta zauna.

Ni ƙujewa kawai na yi a hannu.

Inna ta iso tana dogara sanda. Ta leƙa kwarin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Tashi ki kakkaɓe zanenki, mutane na tahowa." Da muka koma gida, ita ta dafa ruwa ta wanke min ciwon da hannunta, tana faɗa wai ban iya zama wuri ɗaya ba.

Yanzu rabin kaya nake ɗauka, ko mai zai kai nawa, kuma ba mai zama a kan dami.

Na gode wa Ubangiji da ya tsare min Inna. 'Yan'uwa, in kunya ta danne muku baki, ku kira Yesu, ko a gindin taya ne. Yana ji. Amin.