Ranar da Na Daka Ayaba a Turmi

Iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu, ina yi muku sallama cikin sunan Yesu, wanda ya ba ni ƙafafun tsayawa a gabanku yau. Halleluya! Idan kuka ji muryata ta sarƙe ku yi haƙuri da ni, don abin da zan faɗa ban taɓa faɗarsa a taro ba.

Sunana Hannatu, amma Maman Ladi kuka fi sani. Maigidana, Baban Ladi, ga shi can a benci na gaba da sandarsa. Daga wajen Malumfashi muka zo Libreville ina da cikin Ladi, muka sauka a unguwar Nombakélé, har yau muna nan. Shi nama yake gasawa a unguwar Louis, irin gashin da 'yan nan suke kira kupe-kupe, ni ce mai daka masa yaji. Kuma duk wadda ta taɓa cin miyata a nan ta san na iya girki. Zan ce ba yabon kai ba ne, amma yabon kai ne, kuma shi ya kusa raba ni da mijina.

Bara, lokacin manyan ruwa, Baban Ladi ya yanke jiki ya faɗi a gaban murhun gashin namansa da rana tsaka. Abokan sana'a suka sa shi a taksi sai asibiti. Hawan jini ne. Allah ya taimaka ya tashi, sai dai hannun dama da ya ɗan yi nauyi. Likita ya rubuta magani na kullum, ya ce a bar gishiri, a bar magi, a bar kitse, a yawaita ganye da 'ya'yan itace. Ya duba ƙodarsa ya ce lafiyarta lau, don haka ya ci ayaba, tana taimakon masu hawan jini.

Ladi, 'yarmu ɗaya tilo, tana aiki a wani shago a unguwar Angondjé inda ake matse 'ya'yan itace. A can ta ga mutanen da ba sa cin komai da ya hau wuta. Ba nama, ba ƙwai, ba madara, sai ɗanyen ganye da ayaba da gwanda da gyaɗa. Ta ce wa babanta, "Papa, ka gwada na 'yan makonni mu ga tansiyon nan, hawan jinin naka." Ta tambayi likita, ya ce a gwada, muddin ba a bar magani ba kuma ana dawowa awo. Abin mamaki, mutumin da ya tsufa yana juya nama a kan garwashi ya ce to.

Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Ina raye, da hannuwana biyu, mijina ya wuni a kan ayaba? A garinmu ayaba abin taɓawa ce, abin lallashin yaro, ba wanda yake kiranta abinci. Kuma matar da aka wuni ba a ji motsin tukunya a gidanta ba, kun san abin da ake faɗa a kanta. Na ce wa Ladi, "Boko ne ya koya miki ki ciyar da ubanki abincin biri?" Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi.

Gaskiya, cikin mako biyu ya ji sauƙi. Kumburin ƙafarsa ya sace, ciwon kai ya ragu, ya daina haki idan ya hau tudun layinmu. Amma ni ban ga wannan ba. Wandonsa da ya fara yi masa yawa na gani, sai na ce a raina yarinyar nan za ta ƙarar mini da miji.

To, ga abin da na yi. Da zarar Ladi ta shiga taksin Angondjé da safe, sai in kunna gas. Tuwon masara, miyar kuka da daddawar da aka aiko mini daga gida, man shanu, magi biyu, gishiri yadda na saba. Wata rana farfesun ƙafar saniya. Kafin ta dawo na wanke tukwane, na buɗe taga, na sa turaren wuta.

Ranar farko ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "Maman Ladi, likita fa ya hana."

Na ce, "Likitan ne ya aure ka? Ci ka yi ƙarfi."

Ya wanke hannu ya ci, ya cinye tas. Haka muka yi ta yi har mako uku, da yamma kuma ya zauna ya ci ayabar Ladi kamar ba abin da ya faru.

Wata safiya yana shan ruwa, kofin ya suɓuce. Na juyo na ga bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, yana ƙoƙarin kirana maganar ba ta fita. Wayyo Allah! Ban san lokacin da na fita layi ba ɗankwali ina ihu ba.

A asibiti likita ya tambaya, "Me yake ci?" Ladi ta ce, "Ɗanyen abinci kawai, dokta. Ko ƙwayar gishiri ba ta shiga bakinsa ba." Likita ya girgiza kai, ya ce abin ya ɗaure masa kai. Ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon siminti. Baban Ladi yana kwance yana jinmu, ya kalle ni sau ɗaya, ya rufe ido.

'Yan'uwa, girkin laifi ne, amma shirun da na yi ya fi shi muni. Ladi ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta. A bakin ɗakin marasa lafiya ta riƙe ni tana kuka, tana cewa, "Mama, ni ce. Kin faɗa mini ban ji ba. Ni na kashe Papa da ayabata." Masu zuwa gaisuwa ma suka ce ai yunwa ce ta kayar da shi. Ni kuma na shafa bayanta na ce ta yi haƙuri. Na bar 'yar cikina tana ɗauke da kayana!

Da aka sallame mu sai wata masifar ta fito. Maƙogwaronsa ya daina aiki daidai. Ko ruwa ya kurɓa sai ya sarƙe shi. Likita ya ce mu koma ranar Litinin, idan har lokacin ba ya haɗiya, za a zura masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci da magani ta nan. Baban Ladi ya ji, ya ɗaga hannun hagu yana kaɗawa, hawaye na bin gefen fuskarsa. Na san mijina. Na san idan aka sa masa robar nan zai saki rai.

Wata nas ta gaya wa Ladi a gwada masa abu mai kauri, mai laushi, mai sanyi. Ladi ta faɗa mini da ƙaramar murya. Na daka mata tsawa: "Sanyi ga mara lafiya? A ina kika taɓa gani? So kike ki ƙarasa shi?" Ta juya ta fita. Da can da ta yi mini gardama har sai na gaji, amma yanzu ta yarda ita ce mai laifi, ba ta da bakin magana.

Na dama kunu mai zafi kamar yadda aka yi mana a gida. Cokali ɗaya, sai tari, fuskarsa ta yi baƙi, idanu suka firfito. Na tsinka kunun, ya fi muni. Na yi romo, haka. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Leɓunansa suka tsattsage, idanunsa suka faɗa. Ina zaune da tukwane cike da abinci, mijina yana mutuwa da yunwa a gabana.

Ranar Asabar da azahar na kawo cokali kusa da bakinsa, sai ya juya fuska bango. Tun da muka yi aure bai taɓa yi mini haka ba.

Na shiga kicin na zube a ƙasa. Ban iya addu'a mai tsari ba, kuka kawai nake yi. Na ce, "Ya Yesu, kada ka ɗauke shi! Ka ɗauke ni, ni ce na yi! Ka buɗe masa maƙogwaro, ko cokali ɗaya ne!" Ban ji wata murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya a cikin ɗakin Ubangiji ba. Amma duk lokacin da na buɗe baki in ce ka warkar da shi, fuskar Ladi nake gani. Na gane ina roƙon a buɗe maƙogwaron mijina alhali ni na rufe nawa a kan gaskiya. Na ce, "Ubangiji, na ji. Ka ba ni ƙarfin ƙafa kawai."

Na sami Ladi a bayan gida gaban kongelato, babban firjin da babanta yake ajiye nama. Tana ciro ledoji tana jefawa a bokitin shara. Ayaba ce da ta nuna sosai, wadda ta ɓare ta yayyanka ta daskarar tun kafin ciwon babanta ya sake tashi, da niyyar yi masa glas, wato askirim. Tana zubarwa tana share hawaye.

Na durƙusa a gaban 'yar da na haifa. Na faɗa mata komai, da tuwon, da farfesun, da turaren da nake sawa. Ta ajiye ledar da take hannunta. Can ta ce, "Mama, kin san tun ranar nan ban iya kallon fuskar Papa ba?" Na ce na sani. Ta yi kuka, na yi kuka. Sai ta kama kafaɗata ta ce, "Tashi, Mama, ki daina durƙusa mini. Injin markaɗe yana wurin aiki. Yaya za mu yi da wannan?"

Na ce, "Kawo turmi."

Ba na yaji ba, ƙaramin da nake daka geron kunu. Na wanke shi, ta juye ayabar, tauri kamar tsakuwa. Na ɗaga taɓarya ina daka ina kiran sunan Yesu. Da farko tsalle take yi tana neman fita, sannan ta farfashe, sannan ta haɗe ta yi laushi, ta yi fari, ta yi kauri kamar kindirmo. Ba sukari, ba madara, ayaba ce zalla. Duk shekaruna a madafi ban taɓa sanin ayaba tana yin haka ba.

Ladi ta tayar da shi zaune sosai, ta sa masa filo, ta ɗan sunkuyar da haɓarsa yadda nas ta nuna mata. Sai ta miƙo mini cokalin. Na ce ita ta ba shi. Ta ce, "A'a, daga hannunki ya saba ci."

Na ɗebi rabin cokali. Na ce, "Baban Ladi, na faɗa mata gaskiya." Ya juyo a hankali, ya dube mu mu biyu, ya buɗe baki. Muka zuba wa wuyansa ido, ba mai numfashi a cikinmu. Maƙogwaron ya hau, ya sauka. Muka jira tari. Babu tari! Halleluya! Ya Yesu! Ya sha cokali bakwai a ranar, kuma kowanne na ƙirga shi da hawaye.

Ranar Litinin na tsaya gaban likita na faɗa masa abin da na ɓoye. Ya yi mini faɗa sosai, kuma na cancanta. Ya gwada haɗiyar Baban Ladi da kansa, ya ce sanyin da kaurin ne suka taimaki maƙogwaron, ya nuna mana maganin da za a iya niƙawa a ciki. Ba a sa robar ba.

Ban ce muku ayaba magani ba ce, kada wani ya fita nan ya jefar da ƙwayoyinsa. Har yau yana shan nasa, yana zuwa awo, kuma likita ya ƙara masa dafaffen wake da doya marasa gishiri, don ya ce ɗanye kaɗai ba zai riƙe shi ba. Amma kullum da rana sai na daka masa ayabar nan, wata rana da gwanda, wata rana da mangwaro ko fiya. Kongelaton nama yanzu ayabar kasuwar Mont-Bouët ce cike da shi.

Maganarsa ta dawo a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Da ya fara iya haɗa zance, na tambaye shi abin da yake cin raina. Na ce, "Ka san abincin nan zai cuce ka, me ya sa ka ci?" Ya daɗe yana haɗa kalmomin. Sai ya kira sunana, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ya ce, "Hannatu, tun da na aure ki ban taɓa mayar miki da kwano ba. Ban san yadda ake yi ba."

'Yan'uwa, mutumin da na kusa kashewa ke nan, kuma Yesu ya dawo mini da shi. Ya dawo mini da 'yata ma, ga ta can kusa da shi. Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu mai gafara. Idan akwai wanda yake zaune a nan da abin da ya binne a ciki, yana addu'a tana tsaya masa a wuya, ina roƙonka kada ka kai Asabar irin tawa. Ka faɗa, ka dogara ga Yesu, ba zai kunyata ka ba.

Baban Ladi, don Allah ɗaga hannun nan na dama su gani. A hankali, ba sauri. Yauwa. Ku duba, jama'a. Na gode, Yesu. Amin.