Ragon Layya a Ƙuryar Ɗaki

A tashar Kwanar Ɗangora, wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa ta ƙura wa wani mai jiran mota ido.

"Bawan Allah, wannan abin da ke bayan kunnenka kaska ce fa."

"Na sani, Inna. Ta ragon layyata ce. Ɗaki ɗaya muke kwana, ɓarayin dabbobi sun dame mu a Ɗansoshiya."

"To kada ka murje ta da farce, zazzaɓi take sawa. A kama ta daga kai a zare a hankali, a wanke wurin da sabulu. Ka nome ciyawar gidanka, ragon kuma a yi masa wankan magani, ya koma waje."

"Waje? Cikin sauron nan?"

"Ita matar gidan ta yarda da haka?"

"Kaltume cewa ta yi in zaɓa, ko ita ko shi. Na ce ta yi haƙuri, sallah ta kusa. Tana gidansu."

"Af, ashe biko za ka."

Ya sosa wuya.

"A'a, wurin likitan dabbobi za ni. Na ga ragon yana ta susa, ina tsoron ko ni na shafa masa."