Irin Geron Galadi

A tashar Shinkafi na ji wani malamin gona yana yi wa wani tsoho mai rungume da irin gero magana.

"Baba, shuka za ka yi ƙasa a bushe? Rediyo ta ce na'ura ta hango holoƙo, ƙura zalla kwana uku, babu ruwa."

"Na'urar tana da gona a Galadi?"

"Ji tarinka fa. Ƙurar za ta toshe maka ƙirji."

"Rawanina ya tace wadda ta fi ta. Gobe zan binne irin nan."

"Jira ruwa mana!"

"Yaro, rumbuna babu ƙwaya. In irin nan ya ƙara kwana gida, jikokina suka yi kuka, da hannuna zan zuba shi a turmi. Ƙasa kaɗai ke iya ɓoye mini shi."